Silinda ta Uku

Mota ba ta da baki, amma ta Auta ta iya rainin hankali. Ranar da ta ga dama, sai ta tashi lafiya lau ta kai ta asibiti kafin ƙarfe takwas. Ranar da ba ta ga dama ba kuwa, ana murɗa makulli za ta hau karkarwa kamar mai zazzaɓi, sitiyari na rawa a hannu, salansa na tari, wata 'yar fitila ruwan lemo na ƙyafta ido a gaban direba. A taka totur, ta yunƙura kamar za ta tafi, sai kuma ta noƙe. Makanikai misin suke kiran wannan ciwo, wato ɗaya daga cikin silindojin inji ta ƙi cin wuta, sauran ukun na jan kayan huɗu. Auta dai wulaƙanci take kiransa.

Nas ce a ɗakin masu haihuwa, ita ce kuma ƙarama a gidansu, shi ya sa sunan Auta ya bi ta har wurin aiki. Ƙarfe takwas take karɓar aiki daga waɗanda suka kwana, mutanen da idanunsu suka yi ja, waɗanda ba sa manta minti biyar ɗin da ka ƙara musu. Gidanta yana can ƙarshen gari, sabuwar unguwa, inda sai ka yi tafiyar rabin awa a ƙasa kafin ka ga motar haya. Tsakanin gidan da asibiti akwai wata gada mai hawa, a nan kuma motar ta fi son tozarta ta. Sau biyu tana mutuwa a tsakiyar hawan, na baya suna danna mata oda kamar ita ta ƙera injin.

Ranar da ta makara karo na huɗu, Matiron, shugabar sashensu, ta kira ta ofis. Ko wurin zama ba ta nuna mata ba.

"Sau huɗu a wata ɗaya, Auta. Na gaji da labarin mota. Masu naƙuda ba sa jiran makaniki."

"Wallahi, Matiron, kullum ina hanyar gareji..."

"Na biyar ba zan kira ki ba, takarda za ki gani. Ƙaramin asibitinmu na ƙauye tun bara suke neman nas. Ɗaki ɗaya ne a kwatas, ku biyu. Je ki yi tunani."

Tunanin ba shi da tsawo. In aka tura ta can, ba ta da inda za ta ajiye Baba. Mahaifinta kenan, tsohon direba, shekara talatin da biyu yana riƙe da sitiyari, daga babbar mota har ta kai shi ga jan manajan kamfani. Hawan jinin ido ne ya sauke shi. Yanzu inuwa-inuwa kawai yake gani, da hannu yake gane yawancin abubuwa. Tun rasuwar mahaifiyarsu yake wurinta, ita ke ɗiga masa magani a ido safe da yamma, ita ke haɗa masa shayi yadda yake so. In ta tafi, sai gidan Yaya, babban wansu, hawa na uku a bene, inda kowa ke fita da safe a kulle ƙofa. Baba ya taɓa yin wata guda a can, ya dawo kamar an cire masa harshe.

A gidanta kuwa yana da tsakar gida, yana da famfo, yana kuma da aiki. Shi ya ɗora wa kansa aikin: kowace safiya, tana ciki tana wanka da haɗa abin kari, zai lalubi makulli a ƙusar bakin ƙofa, ya ja tiyo, ya wanke mata mota. Ta sha cewa ya huta. Sai ya ce, "'Yar direba ba ta fita da mota mai datti. Me za a ce da ni?" Daga baya ta bar shi, don ta lura ranar da ya yi wankin nan ya fi cin abinci.

Makanikinta kowa Bari-in-ji yake kiransa, domin duk abin da ka faɗa masa, ko da gaisuwa ce, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Bari in ji," ya kara dogon sukudireba a jikin inji, ɗaya bakin a kunnensa. Garejinsa rumfar kwano ce mai ɗaukar mota uku, ƙasan ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai, ga wani benci da aka yi da kujerar bayan mota, inda masu jira ke tsufa.

Matsalar ita ce, Auta sai ta tashi daga aiki take iya zuwa, ƙarfe uku na rana. Zuwa lokacin kuwa motar ta zama waliyyiya. Sai ta tsaya a rumfar tana aiki sumul, ko kofin ruwa ka ɗora kan bonet ba zai motsa ba.

"Sista, wannan motar ai lafiyarta ta fi tawa," in ji shi ranar farko. "Dubi inji fes, kamar yau aka sauke shi daga jirgi. Kina kula da ita, ba kamar wasu ba."

Ta ɗauka daɗin baki ne irin na masu sana'a. Ta ce masa ya zo gada da safe ya ga lafiyar.

Ya kwance fulogai huɗu, ya jera su kan tsumma. Uku lafiya, na ukun kuma ya ɗan yi tsatsa a wuya. Ya juya shi, ya taɓe baki, ya ce jabu ne, irin na kasuwa. Ya sa sababbi. Ya buga bonet ya ce ta je ta kwantar da hankalinta.

Kwana uku ta yi tana sa masa albarka. Rana ta huɗu motar ta tashi da tarinta.

Karo na biyu ya ce mai ne, an sayar mata da mai ruwa. Aka zuƙe tanki, aka canza matatar mai. Karo na uku ya ce nozul masu fesa wa inji mai ne suka toshe, aka cire su aka kai wurin mai wanke su. Karo na huɗu ya aro na'urar maƙwabcinsa mai gyaran lantarkin mota, ya jona ta ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana kallon allon da goshi a tattare.

"Ta ce silinda ta uku."

"Wa ya ce?"

"Kwamfuta. To, yanzu mun san gidan ɓarawon." Ya nuna mata wasu baƙaƙen abubuwa huɗu a jere saman inji, bayan ya ɗage murfin robar da ya rufe su. "Waɗannan koyil ne, su ke ba fulogi wuta, kowace silinda da nata. Zan ɗauke na uku in kai shi gida na ɗaya, na ɗaya ya dawo na uku. In koyil ne mai laifi, zai tafi da halinsa sabon gida, kwamfuta ta ce ɗaya. Sai mu kama shi."

Dabarar ta burge ta, gaskiya. Ta tafi da ɗan sanyi a zuciya. Da motar ta sake yi, ta dawo a fusace, aka jona na'ura, ta ce uku. Ya gwada ƙarfin matsin silindar, lafiya lau. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta goge. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon injin, kamar ya ce masa don Allah ka yi magana.

"Sista, kada ki ji haushi," ya ce a hankali. "Da safe in kin tashe ta, kina barinta ta ɗan yi zafi? Ko dai ƙafarki ce ke..."

"Malam, kada ka ƙarasa." Ta katse shi. "Shekara tara ina tuƙi. Wanda ya koya mini ya fi shekarunka a kan titi. Ka canza fulogi, ka canza matata, ka wanke abin da ban san sunansa ba, yanzu saura ƙafata? To cire ta ka sa sabuwa!"

Masu jira a benci suka kwashe da dariya. Ita ba dariya take ji ba, kuka ne ya taso mata ta haɗiye.

Ya ce ta bar masa motar ta kwana. Tana da hutun kwana biyu, ta bar ta. Safiya biyu yana zuwa da wuri ya tashe ta a sanyi, safiya biyu tana tashi kamar sabuwa. Har gadar ya hau da ita, ya sauko, ya sake hawa. Da ya dawo mata da makulli, kallon da ya yi mata irin wanda su nas ke yi wa mara lafiyar da gwaji ya nuna ba abin da ke damunsa ne. Ta san kallon sarai, don ita ma tana yinsa, wannan ya ƙara ƙona mata rai.

Tana zaune a benci ta buɗe wayarta don ta nuna masa sau nawa ta kira shi, sai idonta ya tsaya kan ranakun. Litinin. Alhamis. Litinin. Alhamis. Babu Talata ko ɗaya, babu Laraba.

"Duba nan," ta ce. "Litinin da Alhamis kaɗai take yi."

Ya karɓi wayar da bayan hannu don kada ya shafa mata mai. Ya duba, ya sake dubawa. "Ikon Allah. Ko azumi take yi ne?"

"Malam!"

"Yi haƙuri, Sista. Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa ganin mota mai duba kalanda ba."

Kamar motar ta ji an gano ta, sai ta watsar da kalandar. Makon da ya biyo baya ta yi ranar Litinin, ta yi Talata, ta yi Laraba. Auta ta koma fita tun bakwai saura, tana rarrafawa a giya ta biyu, fitilar nan na ƙyafta mata ido, tana addu'a tun daga gindin gada har samanta. Ranar Laraba takwas saura minti ɗaya ta sa hannu a rajista, Matiron na tsaye tana kallon agogon bango. Kallon ya fi faɗa ciwo.

Da yammar ranar Yaya ya kira. Shi Yaya komai a wurinsa mai sauƙi ne, tunda ba shi zai yi ba.

"Ke ma kin cika taurin kai. In sun tura ki, ki tafi mana. Baba ya dawo wurina, ga ɗaki, ga talabijin."

"Yaya, me zai gani a talabijin?"

"Zai ji sauti ai."

Ta kashe wayar kafin ta faɗi abin da za ta zo tana ba da haƙuri a kansa. Baba na zaune a tsakar gida, ta ɗauka bai ji ba. Da ta zo ɗiga masa magani, ya kama hannunta.

"Auta, motar nan a kan uku take tafiya. Tun daga ɗaki nake jin ta in kin fita."

"Na sani, Baba. An ce silinda ta uku."

"Kada ki damu. Ina iya ƙoƙarina a kanta."

Ta ɗauka addu'a yake nufi. Ta ce Allah ya saka da alheri, ta goge masa gefen ido.

Daga nan ta kira Bari-in-ji, ta ce masa ita ta gaji da kai wa likita mara lafiya bayan ya warke. Gobe Alhamis, ya zo gida ƙarfe shida da rabi, ya ga abin da idonsa. Ya fara cewa unguwar da nisa, ta ce in bai zo ba za ta zo ta zauna a bencinsa da kayan aiki ta gaya wa duk mai shigowa tarihin motarta. Ya ce yana zuwa. Ya ƙara da cewa kada kowa ya kunna motar kafin ya iso.

Bakwai saura kwata ya iso a kan babur, da jakar sifanu a baya. Motar na tsakar gida tana sheƙi, ƙasa a jiƙe, ruwa na gangarawa zuwa kwata. Baba na zaune a kujerarsa ta roba, ƙafar wandonsa a naɗe, yana mayar da numfashi irin na wanda ya gama aiki. Suka gaisa, makanikin har da ɗan rusunawa, don ya san tsohon direba ne.

Auta ta murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta hau karkarwa, fitila ta fara ƙyaftawa. Wani daɗi mai ɗaci ya kama ta.

"Ka ji? Ƙafata ce?"

"Kashe, kashe!" Ko "bari in ji" bai ce ba. Ya ɗaga bonet, ya tsaya. Injin na ɗigar ruwa. Ya kai yatsa kan murfin robar nan, ya bi wata siririyar tsaga da ke daidai saman gida na uku, wadda ya sha gani bai ɗauke ta a bakin komai ba. Ya kwance murfin, ya zare koyil na uku. Bakin koyil ɗin ya fito a jiƙe sharkaf. Ya haska ramin fulogin da fitilar waya, ya kira ta da hannu. Ruwa ne kwance a ciki, ya kai gaɓar yatsa, fulogin na tsaye a tsakiya.

"Ga ɓarawonki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ruwa na bi ta tsagar nan ya taru a ramin. Wuta ta zo, maimakon ta shiga fulogi sai ta bi ruwa. Kafin ki tashi aiki zafin inji ya busar da shi, ki kawo mini ita garau. Ni kuma ina ta yaba tsabtar inji kamar wawa. Sista, wa ke wanke miki cikin bonet?"

Idonta ya riga ya sauka kan wani abu. A gefen inji, an lulluɓe wata 'yar roba mai murfi da baƙar leda, an ɗaure ta tam da igiya, ɗauri mai kyau, irin na wanda ya san aikinsa. Robar man birki ce.

"Ni ne," in ji Baba daga kujerarsa, da muryar mai jiran yabo. "Litinin da Alhamis, haka muke yi a kamfani. Direban da ya wanke jiki ya bar inji, rabin direba ne. Amma kada ka damu, ɗana, na san ƙa'ida. Ga leda can na manta ban kwance ba yau, saboda sauri. Shekara talatin da biyu ban taɓa barin ruwa ya taɓa distiributa ba."

Bari-in-ji ya dubi ledar, ya dubi Auta. Motocin da Baba ya ja a zamaninsa duk suna da distiributa, abu guda mai murfi da ke raba wa fulogai wuta, kowane direba kuma ya san in ka rufe shi ka gama. Wannan motar ba ta da shi ko kaɗan. Baba ya laluba da hannu, ya sami abu mai murfi a wajen da ya saba, ya ba shi kariya da zuciya ɗaya, sannan ya sakar wa koyil huɗu tiyo.

"Da na ji ta fara misin," Baba ya ci gaba, "sai na ce datti ne ya yi mata yawa. Shi ne wannan makon na mayar da shi kullum."

Da Auta ta yi shiru na minti ɗaya, da abin ya wuce salin-alin. Amma mako biyar ne a cikinta: gada, oda, bencin gareji, agogon Matiron, talabijin ɗin Yaya. Duk suka taso lokaci guda, bakinta ya riga hankalinta.

"Baba! Ashe kai ne! Mako biyar ina yawo kamar mahaukaciya, ana shirin kora ta ƙauye, ashe a gida abin yake! Wa ya sa ka? Motar nan ba ta da distiributa, robar birki ka ɗaure! Sau nawa na ce ka huta? In ba ka gani, ba sai ka bari ba?"

Maganar ƙarshen ta fita, ta ji ta da kunnenta kamar wata ce ta faɗa. Makanikin ya sunkuyar da kai cikin inji, ya sami abin yi da sauri.

Baba ya sunkuya. Ya warware ƙafar wandonsa, ɗaya, sannan ɗaya. Ya tashi, ya lalubi tiyo, ya naɗe shi a hannu yadda ya saba, zagaye bisa zagaye, ya rataye a jikin famfo. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Robar birki," ya ce, kamar mai gwada nauyin kalmar. Sannan ya ce, "Ki yi sauri, kada ki makara. In kin sami sarari ki kira yayanki."

Ya shige ɗaki.

Gyaran da ya gagara mako biyar, minti goma sha biyu ya ɗauka. Bari-in-ji ya tura tsumma a ramin da sukudireba ya tsotse ruwan, ya hura sauran da famfon tayar babur, ya goge koyil, ya shafa masa ɗan man da ke korar ruwa, ya liƙe tsagar murfin da gam kafin a samo wani. Ya kwance ledar Baba, ya rasa inda zai jefar da ita, sai ya ninke ta ya ajiye kan kujerar robar. Auta ta murɗa makulli. Injin ya tashi sumul, huɗu cif.

Bakwai da minti ashirin da biyar. Ta dubi ƙofar ɗakin Baba, ta dubi agogo. In ta shiga, ta makara, in ta makara kuma ta rasa shi gaba ɗaya. Ta ja mota ta fita. Ta haye gadar nan a giya ta huɗu, ba tari ba gargada, hawaye na zuba mata har kan farar riga. Takwas saura minti takwas ta sa hannu. Matiron ta ce, "Yau an ga dama kenan." Auta ta ce, "An gyara."

An gyara ɗin kuwa. Juma'a motar ta tashi lafiya, Asabar ma haka. Amma safiyar gidan ta mutu. Ba ƙarar tiyo, ba kakkaɓar tsumma, ba 'yar waƙar da Baba ke yi ta hanci in yana goge gilashi. Makulli na rataye a ƙusa inda ta bar shi. Ta ba shi haƙuri ranar Alhamis ɗin da yamma, ta durƙusa har ƙasa, ya ce ba komai, gaskiya ta faɗa. Wannan "ba komai" ɗin ya fi mata zagi zafi. Shayinsa rabi yake sha. Ran Lahadi ta ga ya ciro jakarsa daga ƙarƙashin gado ya ajiye a gefen katifa, bai ce mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta tsira daga ƙauye, amma ga Baba yana shirin hawa bene da ƙafarsa.

Litinin ta shirya da wuri. Ta fito tsakar gida, ta ga ganye ya taru a gindin gilashi, tsuntsu ya yi aikinsa a kan bonet. Ta cika bokiti rabi, ta ɗauko tsumma biyu, ta ciro makulli, ta tsaya a ƙofarsa.

"Baba, yau Litinin."

"Na sani."

"Motar ta yi datti. Ni ba zan fita da ita haka ba. Me za a ce da kai?"



"Ban san motocin yanzu ba, Auta. Hannuna ƙarya yake yi mini."

"Ba ƙarya ya yi ba, ba a gabatar da ku ba ne. Taso."

Ya taso ba don yana so ba. Ta ɗaga bonet, ta kwance murfin robar yadda ta ga makaniki na yi, ta kama hannunsa na dama, hannun da ya koya mata riƙe sitiyari, ta ɗora shi kan koyil na farko.

"Distiributar ce suka raba huɗu, kowane fulogi da tasa. Nan ba a kawo tiyo. Tsumma kawai, a matse shi sosai."

"Inji da tsumma," ya yi gunaguni. "Wannan ai shafa ce, ba wanki ba." Amma yatsunsa sun riga sun fara aiki, suna zagaya kan abin, suna bin wayarsa, suna auna tazara. "Ɗaya," ya ce. Ya matsa. "Biyu." Ya matsa, sai ya tsaya.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Baba."

Ya daɗe da hannu a kanta. Auta ta saci kallon agogo: bakwai da minti goma. Minti goma take da su na rara, ba ƙari, gada na jiranta, Matiron na jiranta. Ta matse tsumma, ta sa masa a hannu, ta koma gefe ta riƙe masa bonet ɗin, ko da yake sandarsa na tsaye daram.

"Ki daina kallon agogo," in ji shi, bai ɗago ba. "Ina jin ki. Minti shida ya ishe ni."

Ya goge ta ɗaya, ya goge ta biyu, ya tsallake ya goge ta huɗu. Sannan ya dawo kan ta uku, ya juya tsumman ta ɓangaren da ya bushe.